INA YARON YAKE?

Wa'azi domin makon Idin Iyali Mai Tsarki

'Yan'uwana ƙaunatattu cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka, musamman ku da ke zaune a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da ku da tashin hankali ya raba da gidajenku har kuke zaman haya ko zaman alfarma a Funtuwa, Malumfashi da Katsina.

A cikin makon Kirsimeti, tun ba mu gama murnar haihuwar Mai Ceto ba, Ikilisiya Mai Tsarki takan sa abubuwa biyu a gabanmu. Ranar 28 ga Disamba mukan tuna da jariran Baitalami waɗanda Sarki Hirudus ya sa aka kashe. Ranar Lahadin da ke biye da Kirsimeti kuma mukan yi Idin Iyali Mai Tsarki, wato Yesu da Maryamu da Yusufu. Ikilisiya ta haɗa mana su kusa da juna domin kada mu manta cewa Ɗan Allah ya shigo duniya a matsayin yaro mai jin yunwa da sanyi, wanda ransa ya rataya a kan kulawar manya.

Mu tuna labarin da Luka ya ba mu a sura ta 2. Yesu yana da shekara 12, iyayensa suka tafi da shi Urushalima domin Idin Ƙetarewa. Da aka gama idi aka kama hanyar gida, sai da suka yi tafiyar yini guda suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi da abokan tafiya. Da suka neme shi ba su gan shi ba, sai suka juya. Suka bar ayari, suka bar hanyar gida, suka koma Urushalima suna cigiya, har suka same shi a Haikali bayan kwana uku. Abin da nake so mu riƙe daga labarin nan shi ne wannan juyawar. Sun yi tambaya, ina yaron yake, kuma ba su huta ba sai da suka sami amsa.

Daren da ba mu manta ba

Mutanen ƙasar nan sun san zafin wannan tambaya fiye da yadda mai wa'azi zai iya faɗa. A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara maza cikin daji da ƙafa. Iyaye suka yi cincirindo a ƙofar makaranta, uwaye suna kuka, kowa yana kiran sunan ɗansa. Duniya duka ta ji labari. Ranar 17 ga Disamba aka sako yara 344 ta wajen Tsafe a Jihar Zamfara, muka yi godiya ga Allah, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Shekara biyar bayan haka, a watan Nuwamba na 2025, irin wannan baƙin ciki ya faɗa wa 'yan'uwanmu na Dayosis ɗin Kontagora, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 200 daga makarantar St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja.

A kwanaki shida na Ƙanƙara babu uban da ya ce ba ruwansa, babu uwar da ta ce gobe ma rana ce. To, amma ina so in tambaye ku a gaban Allah. Akwai yara a ƙauyukanmu da unguwanninmu waɗanda suke ɓacewa a hankali, ba da harbin bindiga ba, ba da ƙarar babur ba. Wani yana ƙanjamewa a bayan uwarsa. Wata ta bar aji huɗu ta ɗauki farantin talla. Wani an sa shi a mota zuwa birni, shekara biyu ke nan ba wanda ya san inda yake kwana. Su wa ke cigiyarsu? Hirudus ya kashe yara da takobi a rana ɗaya, sakaci kuwa yana ɗaukar shekaru, shi ya sa ba a buga masa gangar yaƙi.

Talauci daban, sakaci daban

Kafin in ci gaba, bari in share wani abu, domin kada wa'azi ya ƙara wa mai rauni nauyi. Talauci ba zunubi ba ne. Uwar da ta kwana da yunwa domin 'ya'yanta su ci ɗan abin da ya rage ba ta yi sakaci ba, jaruma ce. Uban da 'yan bindiga suka hana shi shiga gonarsa, ko suka sa ya sayar da shanunsa da hatsinsa domin biyan kuɗin fansa, bai yi laifi ba. Mun san abin da ya faru a Kadisau ta Faskari a watan Yuni na 2020, inda aka kashe mutane masu yawa a rana ɗaya. Mun san yadda a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, abin da ya ƙara tsananta rayuwar talaka ko da an yi shi da nufin tsaro. Iyalin Yesu kansa ya ɗanɗana gudun hijira, gama Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa zuwa Masar.

Sakaci shi ne mutum yana da iko ya yi wa yaro abin da yake bukata, amma ya ƙi, ko ya yi ko-in-kula. Magidanci ya sayar da masara buhu goma bayan girbi, kuɗin ya ƙare a wurin shan burkutu ko wajen neman ƙarin mace, yaransa kuwa ba su da takalmi balle littafi. Yaro ya kwana uku da zazzaɓi, asibiti yana nan kusa, aka ce bari a ga abin da gobe za ta yi. Wannan shi ne sakaci, kuma yana cikin gidajen masu zuwa coci kamar yadda yake a ko'ina. Sau da yawa mu Kirista mukan nuna yatsa ga almajiran da ke yawo da kwano a tasha, mu ce dubi yadda waɗansu suke watsar da 'ya'yansu. Ya fi mana kyau mu fara duba cikin gidanmu.

Fuskokin sakaci a ƙasarmu

Ta fari ita ce yunwa da rashin lafiya. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki a Jihar Katsina tun 2021, ta ba da labari cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na jihar nan saboda tamowa, ta kuma ce da yawa an kawo su ne a makare. Ku lura da kalmar nan, a makare. Wani jinkirin rashin tsaron hanya ne ya jawo shi, wani rashin kuɗin mota ne. Amma akwai jinkirin da ya fito daga cewa mayu ne suka kama yaro, ko daga jiran izinin maigida wanda ya tafi ci-rani. Har ma akwai gidajen da ake karɓo abincin tamowa da asibiti ke bayarwa kyauta, a kai kasuwa a sayar, ko manya su raba su shanye. Wanda ya yi haka ya cire magani daga bakin mai mutuwa.

Ta biyu ita ce hana ilimi. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma kowa ya san Arewa ce take ɗauke da kaso mafi girma. Gaskiya ne an rufe makarantun kwana bayan abin da ya faru a Ƙanƙara, waɗansu makarantun ƙauye kuma malamai sun guje su. Amma ko a inda makaranta take buɗe, da damina ta faɗi sai a kwashe yara zuwa gona, ranar kasuwa kuma aji ya zama kango. Yarinya ta kai shekara 13 ko 14, sai a ce karatun ya isa.

Ta uku ita ce tura yara aikatau. Wata rana bayan Misa wata uwa ta roƙe ni in yi wa 'yarta addu'a, wadda wata mata ta ɗauka zuwa birni domin aikin gida. Na tambaye ta sunan unguwar, ba ta sani ba. Na tambayi sunan mutanen gidan, ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ana aiko mata da ɗan kuɗi lokaci lokaci ta hannun matar da ta kai ta. Yarinyar kuwa ba ta wuce shekara 11 ba. Ban yi wa uwar nan faɗa ba, domin na ga hawayenta, na kuma san halin da gidanta yake ciki. Amma na kwana ina tunani, mutumin da ba zai ba baƙo akuyarsa kiwo ba sai ya san gidansa, yaya aka yi ya ba da 'yarsa?

Ta huɗu ita ce halin marayu da 'ya'yan masu gudun hijira. Uba ya mutu a hari, dangi suka raba gona da awaki, amma ba wanda ya ɗauki yaran da zuciya ɗaya. Wanda aka ɗauka kuma shi ne mai ɗebo ruwa da itace, shi ne na ƙarshe a wurin kwano. Akwai yaran da suka ga an kashe mutum a gabansu, ko suka yi makonni a hannun masu garkuwa. Sun dawo da jiki, amma suna firgita da dare, suna fitsarin kwance, ba sa son magana. Maimakon lallashi sai duka, a ce taurin kai ne.

Ta biyar kuwa takan faru har a gidan da akwai abinci. Uba ba ya zama da ɗansa, bai san abokansa ba, bai san ya fara shan ƙwaya ba sai da unguwa duka ta sani. Littafin Sama'ila na Fari ya nuna mana Eli, firist tsoho mai tsoron Allah, wanda ya ji muguntar 'ya'yansa amma bai hana su da gaske ba, hukunci kuwa ya sauko a kan gidansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Waɗanda suke riƙe da bindiga a daji yau, jiya yara ne, kuma da yawansu sun girma ba makaranta, ba asibiti, ba wanda ya tambayi inda suke. Yaron da muka watsar yau, za mu sake gamuwa da shi a hanya.

Abin da Allah ya nuna mana

Littafi Mai Tsarki cike yake da shaidar cewa Allah yana jin kukan yaro. A Farawa sura ta 21, sa'ad da ruwa ya ƙare wa Hajaratu a jeji, ta ajiye Isma'ilu a ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa domin kada ta ga mutuwarsa, Allah ya ji muryar yaron ya buɗe idonta ta ga rijiya. A Fitowa, ungozomomi biyu, Shifra da Fuwa, suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, 'yar'uwar Musa kuma ta tsaya daga nesa tana gadin kwandon da aka sa ƙanenta a bakin kogi. A Markus sura ta 10, da almajiran Yesu suka kori masu kawo masa yara, ransa ya ɓaci, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. A sura ta 5 kuma, bayan ya ta da 'yar Yayirus daga mutuwa, ya umarta a ba ta abinci. Ubangiji ya yi abin da shi kaɗai zai iya, ya bar wa iyaye abin da yake nasu.

Ranar da muka kawo yaro baftisma, Fada ya tambaye mu ko mun gane nauyin da muke ɗauka, muka amsa a gaban jama'a. Uban baftisma da uwar baftisma su ma suka amsa. Wannan alkawari bai ƙare da cin shinkafar ranar biki ba. Waliyi Yohanna Bosko ya fara aikinsa a birnin Turin na Italiya a 1841 da yaro ɗaya tak, maraya mai aikin gini wanda aka kora daga ɗakin shirin Misa. Daga yaro ɗaya aikin ya bazu duniya. Ba a bukatar mu fara da dubu.

Me za mu yi?

Ku iyaye, ku fara da abin da yake hannunku. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, daga nan a ƙara masa abinci ana ci gaba da ba shi nono. Kunun gero ko dawa kaɗai ba ya gina jiki, a haɗa shi da waken suya da gyaɗa, a sa zogale a miya, a ba yaro ƙwai idan kaza ta yi, kada a kai duka kasuwa. Idan yaro yana gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti. Idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ma'aikacin lafiya ya auna damtsensa awon ya nuna ja, to tamowa ce mai tsanani, kada a kwana. A kammala allurar rigakafi, har da ta ƙyanda a wata tara, a karɓi maganin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa ƙananan yara da damina, a kwana cikin gidan sauro. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa. Ku magidanta, ku bar wa matanku izini tun yanzu cewa in yaro ya kamu da ciwo su tafi asibiti ko ba kwa nan, ku kuma ware hatsin gida kafin ku kai saura kasuwa.

Kada wani ya ba da ɗansa ko 'yarsa aikatau a ƙuruciya. In kuwa dole ta sa yaro ya zauna wurin dangi a wani gari, to uba ya taka da ƙafarsa ya ga gidan, ya san makarantar da za a sa shi, ya riƙa jin muryarsa a waya. Waɗanda suka riga suka tura nasu ba su san inda suke ba, su yi koyi da Yusufu da Maryamu, su juya su nema. Ku zo wurin Fada ko Katikis, za mu taya ku cigiya. Ku kuma da kuke riƙon 'ya'yan wasu, kwano ɗaya, makaranta ɗaya, tabarma ɗaya da naku.

Mu Ikilisiya kuma muna da namu aikin. Tun da Paparoma Faransis ya kafa Dayosis ɗin Katsina a watan Oktoba na 2023, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ya zama makiyayinta na farko, nauyin yaran ƙasar nan ya ƙara matsowa kusa da mu. Ina roƙon kowace majami'a, komai ƙanƙantarta, ta yi abubuwan nan kafin Azumi ya kama. Katikis da shugabannin coci su zauna su rubuta sunan kowane yaro da ke ƙarƙashinsu, wanda yake makaranta da wanda ba ya zuwa, maraya da wanda aka tura wani gari. Zumuntar Mata ta zaɓi mata biyu ko uku da za su riƙa zaga gidaje suna duba masu goyo, su koyi awon damtse a wurin ma'aikatan lafiya. A lokacin godiyar kaka a ware mudu daga kowane gida domin rumbun marayu. Matasan da suka gama sakandare su ba da yamma biyu a mako su koya wa yara karatu da lissafi a harabar coci, kuma ƙofar ta kasance a buɗe ga ɗan maƙwabci Musulmi da ɗan Bafulatani, gama ɗa na kowa ne. Duk wanda ya ga ana cutar da yaro, ko a gida ko a makaranta ko a cikin coci, kada ya rufe don gudun abin kunya. Ya faɗa wa hukumar coci, ya kuma kai ƙara wurin hukuma.

Ga masu mulki muna da magana cikin ladabi da gaskiya. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, ta yi dokar ilimin bai-ɗaya a 2004 wadda ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma tilas ne. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Dokoki sun wadata. Abin da uwa a Sabuwa take bukata shi ne hanyar da za ta bi zuwa asibiti ba tare da fargaba ba, da ma'aikaci da magani in ta isa. Abin da yaro a Faskari yake bukata shi ne malami a aji da tsaro a ƙofar makaranta. Mu riƙa tambayar kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumominmu waɗannan abubuwa, mu haɗa murya da limamai da masu unguwanni da dagatai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwana, yau da dare kafin ku kwanta, kowa ya ƙirga yaran da Allah ya ba shi amana, na cikinsa da na riƙo da waɗanda ya tsaya wa a baftisma. Ya kira sunan kowanne, ya tambayi kansa ina yake, me ya ci yau, wa yake koya masa. In akwai sunan da ba ka da amsarsa, to ka san inda tafiyarka za ta fara gobe da safe. Wanda lamirinsa ya kama shi, ƙofar Sakramentin Tuba a buɗe take, Allah kuwa ba ya ƙin mai juyowa.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka danƙa makaɗaicin Ɗanka a hannun Maryamu da Yusufu, ka dubi yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da na ƙasarmu duka. Ka ciyar da masu yunwa ta hannunmu, ka komo da waɗanda suke hannun mugaye, ka warkar da masu firgita, ka juyo da zukatan masu riƙe da makamai. Ka ba iyaye ƙarfi da haƙuri, ka ba shugabanni tsoronka. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.